Abin da ya hana kiranka shiga wayar Inna

Zuwa ga yayana Lawali, a Abijan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ƙanwa ke yi wa wanta, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka da abokan aikinka na wurin katako. Mu nan Matameye lafiya lau muke. An gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, Inna tana nan da ƙarfinta, faɗa kuma bai ragu ba.

Yau kwana goma sha tara ke nan ba ka ɗaga kirana ba. Saƙonka na ƙarshe yana nan ban goge shi ba: "Idan Inna ba ta son ganina, a faɗa mini kawai, in daina wahalar da mutane." Sau uku na rubuta maka amsa ta gefe, ba ka buɗe ko ɗaya ba. Amma na lura duk abin da na sa a shafina sai ka leƙa, har hoton kabewar da na ɗauka da wayar Inna na sa shekaranjiya ka duba. Shi ya sa na kawo maganar fili, inda na san idonka zai faɗa kanta. Mutanen da ke bin shafin nan za su karanta, su karanta. Abu ɗaya nake roƙonsu, kada wanda ya kai wa Inna labari.

Ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe, Yaya, don na gano abin da ke damun wayar. Amma sai na bi da kai ta hanyar da na biyo, don ka san wahalar da na sha, ka kuma san cewa ba kai kaɗai aka wahalar ba.

Ka tuna ranar da salular da ka saya wa Inna ta iso ta hannun direban da ka ba. Inna ta karɓe ta da hannu biyu, ta juya gaba ta juya baya, ta ce, "An gode wa wanda ya aiko." Ta hana a cire ledar da ke jikinta, wai don kada ta tsufa, ta kai ta cikin kwallar da take ajiye turarenta. Muka tsai da magana da kai cewa kiran bidiyo sai ranar Juma'a, idan ka sauko daga masallaci ka biya gida cin abinci, don wannan rabin awar kaɗai kake da ita kafin ka koma aiki. Tawa wayar ka san halinta, tun da ta faɗa kwatanniyar wanki kamararta ta makance, murya da rubutu kawai take yi.

Juma'ar farko laifina ne, na ɗauka. Na share tsakar gida, na shimfiɗa tabarmi uku, maƙwabta suka cika. Gwaggo Talatu ta taso tun daga Icirnawa da ƙwan zabi a ƙwarya, kamar za ta miƙa maka ta cikin gilashin. Muka jingina wayar jikin turmi, muka zuba mata ido. Da farko mun yi zaman awa guda a banza, don na manta agogonku yana bayan namu. Da lokacin ya yi kuma, sai wani ɗan zobe ya fito a tsakiyar wayar yana ta juyawa, yana ta juyawa, har ka koma aiki. Ashe kredi na sa, wato kuɗin kira, ban mayar da shi mega na shiga intanet ba. Gwaggo ta soya ƙwanta muka cinye, ta tafi tana cewa ita dama ba ta yarda da abin ba.

Washegari na kai wayar wurin Malam Ibro. Ba ka san shi da wannan sana'ar ba, shi ne dattijon nan mai gyaran rediyo a bakin tasha, yanzu salula yake gyarawa, da tabarau biyu a hanci, ɗaya bisa ɗaya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Rabi, waya tamkar jaki take. Kafin ki doke ta, ki duba ko ta ci." Ya koya mini abu uku: in duba mega, in duba sandunan rezo masu nuna ƙarfin layi a sama, idan duka suna nan in kashe ta in kunna. Na rubuta su a bayan kwalin wayar kamar ƴar lakkwal a aji.

Juma'a ta biyu ta same mu a Tsauni, wurin sunan jikar Gwaggo. Mega cike, batiri cike, sandunan rezo a tsaye ƙyam. Na riƙa yi wa mutane alfahari cewa yau za su ga yayana na Abijan. Sai ga saƙo ya shigo yana yi mana barka da zuwa Najeriya. Ni ina zaune kan tabarma a ƙasata, ko tashi ban yi ba, amma wayar ta tsallaka iyaka ta kama rezon maƙwabta, shi kuma bai san da megarmu ba. Ka kira sau shida, ko ɗaya bai shigo ba. Da na koma wurin Malam Ibro, ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ɗaya. Ya shiga cikin wayar ya zaɓa mata rezonmu da hannu, ya ce ya ɗaure ta a turke, ba za ta ƙara zuwa yawo ba.

Ta uku kuwa, kuran ne, wutar lantarki, ya yi kwana biyu bai zo ba, wayar ta mutu murus. Da muka samu ta farfaɗo, sai ta tashi da wata shekara dabam a kanta, shekarar da ko ƙera ta ba a yi ba. Malam Ibro ya ce matuƙar kwanan wata bai daidaita ba, manhajar kiran ba za ta yarda ta gaisa da kowa ba. Ya gyara. Ya tarar cikinta ya cika maƙil da wa'azi da bidiyon biki da ƴan uwa suke turowa, ya kwashe. Ya ɓare ledar da ta rufe kamara, Inna tana kallo kamar ana fiɗe mata akuya. Ya ce mu daina zama cikin ɗakinta, katangar ƙasa mai kauri da rufin kwano suna shanye rezo, mu nemi fili.

Na ce Inna tana kallo, don ranar tare muka je. Ranar kasuwa ce, ta fito sayen daddawa, na ja ta rumfar Malam Ibro don ta ji da kunnenta. Ka riƙe wannan wurin da kyau. Malam Ibro ya ja yatsa daga saman wayar zuwa ƙasa, ya nuna wani ɗan hoton jirgin sama, ya ce, "Inna, wannan kada hannu ya taɓa shi. In ya yi haske, babu kiran da zai shigo, ko daga Makka ne." Inna ta matso da kujerarta ta ce, "Wanne? Nuna mini da kyau, don in kiyaye." Ya nuna mata sau biyu. Ni kuwa daɗi ya cika ni, na ce yau uwata ta shiga zamani.

Juma'a ta huɗu ka san ta, don ita ce ta ɓata maka rai. Na samo wurin da rezo ya fi ƙarfi, gindin rumbu, kusa da turken awaki. Mutane suka sake taruwa. Wayar ta yi ƙara, na danna, sai ga ka. Shekara shida ban gan ka kana motsi ba, ga fuskarka ta cika gilashin, ga gemu, ga hular nan taka a karkace kamar kullum. Na yi guɗa, na ruga na cusa wa Inna wayar a gaban hancinta. Ka ce, "Inna!" Ita kuma ta kau da kai wajen rumbu, ta ja mayafi, ta ce mini, "Rabi, akuya ta kwance." Na bar mata wayar na bi akuya. Kafin in dawo kira ya katse. Na ɗauka rezo ne. Kai kuma abin da ka gani shi ne uwarka ta juya maka ƙeya.

Daga nan aka shiga abin da ya kusa haukata ni. Juma'a uku a jere, in na zo na ɗauki wayar sai in tarar ɗan jirgin nan yana haske. In kashe shi, mu zauna jira. Sai Inna ta ce tana jin ƙaurin tukunya. Ko ta ce in miƙa wa maƙwabciya gishiri yanzu-yanzu. Ko ta ce takalminta ɗaya yana zaure. In je in dawo, jirgi ya sake tashi, kai kuma kana ta turo mini saƙo cewa kira ba ya shiga. Kafin in gama kashewa da kunnawa, rabin awarka ta ƙare.

Babu wanda ban ɗora wa laifi ba. Na ce zanen Inna ne ke gogar gilashin. Na ce Malam Ibro ne ya kwance wani abu a ciki. Har kai ban bari ba, na ce wa mijina wataƙila tsohuwar waya aka saka maka a sabon kwali, ka yafe mini wannan. Zuwana na huɗu rumfar, Malam Ibro ya duba ta ciki da waje, ya ajiye, ya ce, "Ruwa ba ya tsami banza. Wa ke riƙe da wayar nan in ba kya kusa?" Na taso masa. Na ce Inna ce, matar da ko baƙi ɗaya na boko ba ta sani ba, yaya za a yi ya zarge ta. Ya ce, "To, Allah ya ba da haƙuri," ya ci gaba da aikinsa. Zan koma in ba dattijon nan haƙuri, sai dai har yanzu ina neman fuskar da zan je da ita.

Sai saƙonka ya zo, sai shirunka ya biyo baya. Ban faɗa wa Inna ba, na rasa ta inda zan fara. Ita tana nan tana zaton za ka ci gaba da kira.

Juma'ar da ta wuce na je gidan da wuri. Ina ɗauke da buhun gyaɗa a kai, numfashi ya hana ni sallama, na sauke shi a zaure. Ta tsakanin zanan da ya kare tsakar gida na hango ta zaune a ƙofar ɗaki ita kaɗai. Ta buɗe kwalla, ta fito da wayar, ta goge ta da bakin zane. Ta ja yatsa daga sama zuwa ƙasa, daidai yadda Malam Ibro ya yi, ta danna jirgin.

Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga ba ta mayar da wayar ba. Ta shiga wurin hotuna, ta nemo wanda ka turo kana tsaye gaban tulin katako. Ta sa yatsu biyu ta buɗa hoton har fuskarka ta cika gilashin, abin da babu wanda ya koya mata. Ta kawo shi kusa da ido. Ta daɗe a haka, Yaya, ta daɗe ƙwarai. Can na ji ta ce a hankali, "Har ya yi furfura." Na koma waje a kan yatsun ƙafa, na goge idona, sannan na rangaɗa sallamar da unguwa duka ta ji. Ina shiga na tarar ta tura wayar ƙarƙashin cinya tana tsintar wake.

Kai ɗan fari ne, Yaya. Ni da kai mun manta, ita ba ta manta ba.

Shekara talatin da takwas ba ta taɓa kiran sunanka ba. "Wancan" take cewa, ko "mutumin nan". Lawali mai nama na bakin kasuwa ma ba ta kiran sunansa, sai ta ce "mai sunan wancan". Ka tashi a hannun kaka a Icirnawa, in ka zo hutu ta ajiye maka tuwo ta wuce, ta ce wa bango, "Ga abinci nan, in akwai mai ci."

Ka tuna ranar da ka ci jarrabawar sartifika. Matan unguwa suka shigo da guɗa, ita ko ɗaga kai ba ta yi ba. Da yamma sai ga babban zakaranta a tukunya. Aka tambaye ta, ta ce ya cika fitina ne, yana shiga gonar mutane. Cinya biyu duka a kwanonka suka sauka.

Ranar da za ka tafi Abijan ba ta raka ka tasha ba. Na san wannan ya tsaya maka a rai, don ka taɓa ce mini ko ba ta yafe maka tafiyar ba ne. Ni ce na kawo maka ƙullin nan na yaji da ƙuli-ƙuli a bakin mota. Ban faɗa maka ba a lokacin, kwana uku ta yi tana dakan yajin, ta hana kowa taya ta. Da ta miƙo mini cewa ta yi, "A ba matafiyin."

Lokacin da kake kira da murya kaɗai, abin bai dame ta ba. Sai in buɗe lasifika in ajiye wayar a tabarma, ita tana gefe tana aikinta, ta riƙa ce mini, "Tambaye shi ko suna samun hatsi a can." Kai ka amsa, ita ta ji, kunyarta tana nan ba a taɓa ta ba. Bidiyo ya zo ya rushe wannan duka. Ido cikin ido da ɗan fari, ga Gwaggo Talatu, ga matan unguwa goma suna leƙe ta kafaɗarta su ga yadda za ta yi. Ni ce na tara su, ni ce na cusa mata wayar a fuska. Na duba mega, na duba rezo, na duba kwanan wata, ban duba matar da aka sayi wayar dominta ba. Na ji kunyar kaina, na ji tausayinta, kai ma na ji tausayinka, don na san yadda ƙeyar uwa take da ciwo ga wanda yake nesa.

Ban ce mata na kama ta ba. Ka san Inna, da na faɗa da wayar ta koma kwalla har abada. Ranar Asabar muna ɓarar gyaɗa, na yi mata hannunka mai sanda. Na ce, wani a Abijan ya ce ba zai ƙara kira ba, wai ana fushi da shi. Hannunta ya tsaya cak a cikin ƙwarya. Ta ce, "Fushi? Wa ya gaya masa?" Na ce babu wanda ya gaya masa, gani ya yi. Ta koma kan ɓararta har muka kusa gama rabin buhu. Sannan ta ce, "Mutum har da gemu, amma sai an tauna masa magana."

Sai da na tashi tafiya, ina saka takalmi a bakin zaure, ta yi magana daga bayana. Ta ce an ce an yi mata takwara a can. Ummi take nufi, ƴarka da ka sa wa sunanta. Na ce ƙwarai, har ta shekara uku. Ta ce hoto ba ya nuna mutum, ita tana so ta ga yarinyar tana motsi, ta ga ko ta ɗauko hancinta ko an yi asarar suna. Sannan ta ƙara da cewa, "Sai dai ƙaramar yarinya ba ta iya zama gaban waya ita kaɗai. Dole wani ya ɗora ta a cinya ya riƙe ta." Na ce haka ne, Inna, dole wani ya riƙe ta. Ta ce, "Kuma kada a tara mini mutane."

To ka ji gyaran, Yaya, kuma ba a rumfar kowa aka samo shi ba. Tsakanin kaka da jika babu kunya. Za ta kalli takwararta iya son ranta, ta tsokane ta, ta ce mata mummuna. Wanda ke riƙe da yarinyar kuwa, babu mai cewa shi ake kallo.

Ga abin da nake so ka yi ranar Juma'a. Ka duba megarka tun da safe, kada a ce wannan karon daga wajenka ne. Ka zauna bakin ƙofa inda haske yake, don idonta ya fara rauni. Ka sa a yi wa Ummi kitso, ka ɗora ta a cinyarka. In kira ya shiga kada ka ƙwala mata "Inna!" kamar wancan karon. Ka yi sallama, ka gaishe ta kanka a ƙasa, sannan ka bar su su yi hirarsu. In kana da magana ka faɗa mini, ni zan zauna a gefe in juya baya, zan maimaita mata ko da ta riga ta ji. In ka ga ta ɗago ido, kai ka kalli kan ƴarka. Ba zan gayyaci kowa ba, Gwaggo Talatu ma na ce mata wayar tana wurin gyara.

Na san za ka ce ko na ƙara wa maganar gishiri don in lallashe ka. To ga abin da ya faru jiya. Na biya in kai mata kanwa, tana wanke kwanoni. Ba tare da ta kalle ni ba ta tambaye ni, shi wanda zai riƙe yarinyar, zai fito duka ne a gilashin ko hannuwansa kawai za a gani. Na ce ya danganta da yadda ya ajiye wayar, in ya kawo ta kusa yarinyar kaɗai za ta fito. Ta ɗauraye kwano ɗaya, ta kife shi, ta ɗauki wani. Sannan ta ce, "To a ce masa ya ja da ita baya kaɗan."

Na faɗa maka, na sauke.

Allah ya kai mu Juma'a da rai da lafiya. Allah ya sanyaya zuciyarka, ya yi wa nemanka albarka, ya raya Ummi, ya ƙara wa Inna tsawon kwana har ranar da za ka shigo zauren nan da ƙafarka ta ajiye maka tuwo ta yi magana da bango. Ka gaida matar yaya da kyau.

Ƙanwarka da ba ta gajiya da kai,
Rabi
Matameye